Ciwon Kumburin Hanji: Me Mai Shi Zai Ci?

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, jami'in kula da abinci mai gina jiki a Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga ya dace ya ba ni wannan dama. Ba ƙaramin nauyi ba ne yaro ya tsaya yana jawabi alhali waɗanda suka koya masa riƙon alƙalami suna zaune suna saurare. To amma tun da su ne suka shuka, ba laifi yau su ɗanɗana abin da gonar ta yi.

Kwamitin ya bar mini zaɓi, ya ce in yi magana a kan duk abin da ya shafi aikina wanda zai amfani jama'a. Da sauƙi nake nema, da na ɗauko ciwon sukari ko hawan jini, tun da yake su kowa ya sani. Amma na zaɓi wani ciwo da ba a cika ambatonsa a bainar jama'a ba, wato ciwon kumburin hanji mai daɗewa, da irin shawarar da muke ba manya masu fama da shi game da abinci. Dalilaina uku ne. Na farko, ciwo ne da ya fi fara kama mutum tsakanin shekara 15 zuwa 40, wato daidai shekarun ƙannenmu da ke cikin azuzuwa yanzu, da kuma mu da muke tsakiyar aiki da riƙon iyali. Na biyu, ciwo ne da ake jin kunyarsa, domin maganarsa maganar bayan gida ce, sai mutum ya shekara yana wahala babu wanda ya sani sai iyalinsa. Na uku, masu wannan ciwo suna yawan hora kansu da yunwa, har ta kai ramar da ke jikin wani rabinta ta ciwo ce, rabinta kuwa ta tsoron abinci.

Mene Ne Wannan Ciwo?

Duk wanda ya zauna ajin Bayoloji a wannan makaranta zai tuna da zanen hanyar abinci da ake yi mana a kan allo, tun daga baki har zuwa dubura. Akwai ƙaramin hanji mai tsawon kimanin mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abinci, sannan babban hanji mai kimanin mita 1 da rabi, inda ake tsotse ruwa kafin abin da ya rage ya fita. Ciwon da nake magana a kansa yana samuwa ne idan garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ta juya ta riƙa yaƙar bangon hanjin mai ita. Sai bangon ya kumbura, ya yi gyambo, ya riƙa zub da jini. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba sammu ba ne. Gado yana da hannu a ciki, haka nan irin ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji da yanayin rayuwar mutum.

Iri biyu ne manya. Akwai gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira kolaitis. Shi daga dubura yake farawa ya yi sama, bai wuce babban hanji, kuma fatar ciki kawai yake ci. Wani likitan birnin Landan, Samuel Wilks, shi ya bayyana shi a 1859. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninta a birnin New York na Amurka a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Tana cin bangon hanji har ta ratsa shi, shi ya sa takan jawo tsukewar hanji, ko ta huda wata hanya ta ɓulle kusa da dubura tana yoyon mugunya.

Ciwon ba ya duba muƙami. A 1956 an yi wa Shugaban Amurka Eisenhower aiki saboda cutar Crohn yana kan mulki. Firayim Ministan Japan Shinzo Abe kuwa sau biyu yana ajiye mulki, a 2007 da 2020, gyambon babban hanji na daga cikin abin da ya tilasta masa. An ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da ciwon a duniya. A da ana ganin ciwon Turawa ne, amma yanzu ana ƙara samunsa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, musamman a birane inda cimar mutane ta canja.

A nan ƙasarmu babbar matsalar ita ce yana kama da cututtukan da muka saba da su. Mutum yana gudawa da jini da majina, sai a ce atuni ne. Yana zazzaɓi da ciwon ciki, sai a ce taifot. Ya ga jini a bayan gida, sai a ce basir. Ko a asibiti, bambance cutar Crohn da tibin hanji aiki ne sai ƙwararre. Saboda haka duk wanda gudawarsa ta wuce mako 4, ko take tashinsa cikin dare, ko yake ganin jini, yana ramewa, ga gyambon baki ko ciwon gaɓoɓi ko jan ido, to ya daina zagayen kantin magani, ya nemi likitan ciki. Akan yi gwajin jini da na bayan gida, sannan a leƙa cikin hanji da na'ura mai kyamara a ɗebo ɗan nama a auna. Da wannan ne ake tabbatarwa.

Abin Da Abinci Zai Iya Da Wanda Ba Zai Iya Ba

Ina so jama'a su riƙe wannan magana ko da sun manta da sauran. Babu wani abinci guda da aka tabbatar shi ke kawo wannan ciwo, kuma babu wani abinci ko ganye da ke warkar da shi. Ciwo ne mai tashi ya lafa, ya sake tashi. Magungunan likita su ne ke kwantar da kumburin, wani lokaci kuma sai an kai ga tiyata. Aikin abinci shi ne ya hana jiki rushewa, ya rage wahalar ciki, ya mayar da abin da aka rasa, ya kuma ba magani ƙasar da zai taka. Wanda ya ajiye magani ya kama tsarin abinci kaɗai ya yi ganganci, wanda kuma ya sha magani ya bar kansa da yunwa ya yi aikin baban giwa.

Me ya sa mai ciwon ke ramewa? Hanyoyi huɗu ne. Ba ya son ci saboda ciwo da tashin zuciya. Abin da ya ci hanji ba ya tsotsewa sosai. Yana asarar jini da ruwa da sinadarin gina jiki ta bayan gida. Sannan kumburin kansa yana cin tsokar jiki. Idan aka ɗora tsoron abinci a kan waɗannan, to sai abin da hali ya yi.

An taɓa turo mini wani malamin firamare, magidanci, wanda ya yi kusan shekara ba abin da yake sha sai koko da ruwan shayi. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya hana shi abu guda. Wannan ya ce ya bar mai, wancan ya ce ya bar nama, surukarsa ta ce ƙwai zafi gare shi, abokinsa ya ce kifi ne ke tayar da basir. Da muka jera abin da aka hana shi a takarda, sai da muka cika shafi, abin da ya rage masa kuwa bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Aikin da muka yi da shi na wata 3 bai wuce mayar masa da abincinsa ɗaya bayan ɗaya ba, tare da maganin da likita ya ɗora shi a kai. Ya koma aji yana koyarwa. Irinsa suna da yawa.

Yadda Muke Zama Da Mara Lafiya

Shawarar abinci ba takarda ba ce da za a buga a raba wa kowa. Kafin in ce wa mutum ci wannan ko bar wancan, sai na san abubuwa da dama: wane iri ne ciwonsa, wane ɓangaren hanji ya kama, a tashe yake ko a lafe, akwai tsukewa, an taɓa yanke masa hanji, waɗanne magunguna yake sha. Sai in auna nauyinsa in kwatanta da na da. Wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin 'yan watanni ba da niyya ba, alal misali mai kilo 60 ya zube kilo 3, wannan abin a tashi tsaye ne. Bayan haka sai in tambayi abin da ake dafawa a gidansa, da wanda ke dafawa, da ƙarfin aljihunsa. Ba amfani in rubuta wa mai ƙaramin albashi abincin da sai a babban kanti ake samunsa. Shi ya sa nakan roƙi magidanci ya zo da uwargida, domin ita ce mai tukunya.

Babban makaminmu shi ne littafin abinci. Mara lafiya ya sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta, kullum ya rubuta abin da ya ci da lokacin da ya ci, da yawan fitarsa bayan gida, da ko akwai jini ko murɗawa. Bayan mako 2 ko 3 sai mu duba tare. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke tayar wa wani ciki, wani lafiya lau yake cinsa. Idan muka zargi wani abinci, shi kaɗai za a ajiye na ɗan lokaci, sannan a sake gwada shi kaɗan. In bai yi komai ba, ya koma cikin kwano. Ƙa'idarmu ita ce duk abin da aka cire sai an sa madadinsa.

Lokacin Da Ciwo Ya Tashi

A wannan lokaci hanji kamar ƙafa ce mai gyambo, ba a sa mata takalmi mai tauri. Sai a rage yawan abin da ake ci a zama ɗaya, a ƙara yawan zaman: sau 5 ko 6 a rana maimakon a cika ciki sau 2. A zaɓi abinci mai laushi wanda ya dahu sosai, kamar tuwon shinkafa, farar shinkafa mai taushi, faten dankali ko na doya, kunun da aka tace, kabewa dafaffiya, ayaba nunanniya da gwanda. Miya ta zama mai santsi marar yaji, irin kuɓewa ko kuka idan ciki ya karɓa. A ɗan dakata da barkono da attaruhu, da soye-soye masu maiƙo, da ɗanyen ganye, da lemun kwalba, da shayi mai kauri ko gahawa, domin suna ƙara gudun hanji.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a daidai wannan lokaci ne jiki ya fi bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki. Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ta ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a kullum idan ciwo na tashe, sannan kimanin giram 1 idan ya lafa. Ke nan mai kilo 60 yana bukatar giram 72 zuwa 90 a rana. Don a gane lissafin, ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara kimanin giram 8, kifi ko kaza dafaffe mai girman tafin hannu kuwa giram 20 zuwa 25. Kun ga wanda ke rayuwa a kan koko bai ko kama hanya ba. Dafaffen ƙwai, farfesun kifi ko na kaza marar yaji, da naman da ya dahu luguf, su ne abokan tafiya. Kunun gyaɗa da aka niƙa ya yi laushi shi ma yana taimakawa.

Sai ruwa. Mai yawan gudawa ba ruwa kawai yake rasawa ba, har da gishirin jiki. Ruwan gishiri da sukari da muke ba yara, manya ma nasu ne: ƙullin da ake sayarwa a kantin magani, ko kuma a gida a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Wanda aka yi wa aiki aka fitar masa da ƙaramin hanji ta gefen ciki ya fi kowa bukatar kula da wannan, musamman a watannin bazara.

Akwai kuma wani tsari da ake yi a asibiti ga masu cutar Crohn, inda ake ajiye duk wani abinci na tsawon mako 6 zuwa 8, mutum ya rayu a kan wata madarar asibiti ta musamman mai ɗauke da duk abin da jiki ke bukata. Ga yara shi ne ake fara gwadawa, domin yana kwantar da kumburi. Ga manya akan yi amfani da shi musamman don gina jiki kafin tiyata, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya shiga ɗakin aiki a rame ya fi daɗewa bai warke ba. Wannan tsari ba a yinsa a gida da madarar gwangwani, sai da kulawar likita.

Lokacin Da Ciwo Ya Lafa

A nan ne aka fi yin asara. Mutum ya sami sauƙi, amma tsoro ya hana shi komawa ga abinci, sai ya zauna a kan farar shinkafa shekara da shekaru. A da likitoci kan hana masu wannan ciwo harza baki ɗaya, wato dusa da ɓawo da zaren da ke cikin hatsi da ganye da 'ya'yan itace. Yanzu an gane cewa wanda ba shi da tsukewar hanji bai kamata a hana shi ba, domin harza ita ce abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji, su kuma su ke samar da abin da bangon hanjin ke rayuwa a kai.

A 2024 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar cewa masu wannan ciwo su bi irin cimar mutanen gaɓar Bahar Rum, wato yawan kayan lambu da 'ya'yan itace da hatsi da wake da kifi, tare da rage jan nama da sukari da abincin kamfani. Idan muka dubi wannan da idon basira, ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu. Tuwon dawa ko na gero da miyar alayyahu ko zogale ko kabewa, da ɗan kifi, da alale, da gwanda ko lemun zaƙi a bayan abinci, ai shi ne abin da iyayenmu ke ci. Man zaitun ya yi tsada, to a yi amfani da man gyaɗa mai kyau daidai gwargwado. Sai dai a koma a hankali: abu ɗaya sabo a cikin kwana 2 ko 3, a fara da dafaffe kafin ɗanye, a fere ɓawo, a surfe wake a yi alale kafin a kai ga wake da shinkafa irin na ɗakin cin abincinmu na da. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da abincin kamfani, wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya bi mutum fiye da 116,000 a ƙasashe 21, ya nuna cewa masu yawan cin irin wannan abinci, kamar lemun kwalba da kayan zaƙi na leda da naman da aka sarrafa, sun fi shiga haɗarin kamuwa da ciwon. Wannan bai nuna cewa shi kaɗai ne sanadi ba, amma ya isa ya sa mu dubi abin da muke tura wa 'ya'yanmu a jakar makaranta. Masu gyambon babban hanji kuma ana shawartarsu su rage jan nama, saboda haka tsire da balangu da kilishi su zama na marmari.

Wanda Hanjinsa Ya Tsuke

Wannan shi ne mutum guda da muke ja wa layi sosai. Idan cutar Crohn ta tsuke wani wuri a hanji, duk abin da ba ya narkewa yana iya toshe shi, kamar yadda tsumma ke toshe kwata. Irin wannan mutum ya nisanci gugguru, gasasshiyar masara, aya, gyaɗa mai ɓawo, goruba, rake, zaren mangwaro, kwaɗon rama ko na zogale, da nama mai jijiya. Kayan lambunsa a dafa a niƙa, 'ya'yan itace a fere a cire ƙwallo, kuma ya tauna abinci sosai. Idan ciki ya kumbura, ga amai, ga murɗa mai tsanani, ba bayan gida ba tusa, to asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne.

Abubuwan Da Jiki Ke Rasawa

Na farko shi ne sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini. Shi ne matsalar da ta fi yawa, kuma shi ne sanadin kasala da haki da jiri da masu ciwon ke kuka da su. Hanta da nama da kifi da wake da ganyaye suna da shi. Lemun zaƙi ko gwaba a kan abinci suna taimaka wa jiki ya tsotse shi, shayi kuwa yana hanawa, don haka a ba da tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi. Idan ciwo na tashe, ƙwayar ƙarin jini takan dami ciki kuma ba ta shiga sosai, shi ya sa likitoci kan fi son bayarwa ta jijiya.

Na biyu bitamin B12, wanda a ƙarshen ƙaramin hanji kaɗai ake tsotsarsa, daidai wurin da cutar Crohn ta fi kamawa. Wanda aka yanke wa wannan wuri yakan bukaci allurarsa har iyakar rayuwa. Na uku sinadarin folik, wanda magungunan salfasalazin da metotireksat ke ragewa. Na huɗu kalsiyam da bitamin D, domin maganin furednisolon da ake bayarwa idan ciwo ya tashi yana cin ƙashi in an daɗe ana sha, ban da ƙiba da hawan sukari da yake jawowa. Ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da nono, da kuka, da ɗan zama a hantsi suna taimakawa, amma wani sai an haɗa masa da ƙwaya.

Tambayoyin Da Aka Fi Yi Mini

Ana tambayata batun madara. Ciwon kansa bai hana shan madara ba. Sai dai manya da yawa a Afirka ta Yamma cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin ɗanyar madara, ko da lafiyarsu ƙalau. Wanda madara ke sa wa kumburi ya gwada kindirmo ko nono, domin tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Sharaɗi ɗaya ne: a tabbata an tafasa madarar kafin a yi nonon. Yawancin magungunan wannan ciwo suna rage ƙarfin garkuwar jiki, saboda haka ɗanyar madara, da ƙwan da bai dahu ba, da ruwan da ba a yarda da shi ba, da abincin bakin titi da ya kwana, haɗarinsu ga mai ciwon ya fi na sauran mutane.

Ana tambayata game da tsare-tsaren abinci da ake gani a intanet. Akwai wanda masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka tsara, inda ake rage abubuwan da ke yin iska a ciki, kamar albasa da tafarnuwa da wake da alkama da mangwaro da kankana da zuma. Yana rage kumburin ciki da tusa ga wanda ciwonsa ya lafa amma ciki bai daina damunsa ba. Ba ya warkar da gyambo, kuma na mako 4 zuwa 6 ne kawai, daga nan a riƙa mayar da abubuwan ɗaya-ɗaya. Duk tsarin da ya ce a bar hatsi baki ɗaya, ko a rayu a kan ruwan ganye, ko a sayi wani gari mai tsada, a kawo shi a duba kafin a fara.

Ana kuma tambayata batun azumi. Da yawa daga waɗanda ciwonsu ya lafa suna yin azuminsu lafiya, in sun ga likita tun kafin wata ya kama an gyara musu lokutan shan magani, suka sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, suka kuma guji cika ciki da soye-soye. Wanda ciwonsa ke tashe, ko yake rame, ko aka yi masa aiki kwanan nan, ya ji ta bakin likitansa, sannan ya nemi fatawar malamai.

Hattara Da Waɗannan

Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna iya tayar da ciwon, farasitamol ya fi sauƙi. Maganin tsayar da gudawa yana da haɗari ƙwarai idan gyambon babban hanji ya yi tsanani. Jiƙe-jiƙen wankin ciki da na basir da ake talla a tasha suna ƙara wa mai gudawa gudawa. Taba sigari tana tsananta cutar Crohn, tana kuma sa ta dawo bayan tiyata. Bugu da ƙari, wanda ya kai shekara 8 da ciwon a babban hanji ya kamata a riƙa leƙa hanjinsa lokaci-lokaci, domin daɗewar kumburi tana ƙara haɗarin ciwon daji.

Kira Ga 'Yan'uwa

Ya 'yan'uwana, a cikin wannan zaure akwai shugabannin ofisoshi da na makarantu, akwai 'yan kasuwa masu yara a ƙarƙashinsu. Idan kuna da ma'aikaci mai yawan fita zagayawa, ko mai yawan neman izinin asibiti alhali ba ku ga rauni a jikinsa ba, kada ku yi saurin kiransa malalaci. Makewayi mai tsabta da ruwa a wurin aiki, ga mai wannan ciwo, shi ne bambancin riƙe aiki da ajiye shi. A wajen biki ko suna, idan baƙo ya ce ya ƙoshi, a ƙyale shi, kada a yi ta rantsuwa sai ya ci. Masu zuwa dubiya kuma su kai addu'a da abin hannu, su bar hana abinci ga waɗanda suka karanta shi.

Ga shugabannin ƙungiya ina da roƙo biyu. Gwajin leƙa hanji da magungunan wannan ciwo suna da tsada, kuma ba kowane asibiti ake yi ba, sai an tafi manya. Ina ba da shawarar asusun taimakon ƙungiya ya riƙa duba irin waɗannan cututtuka masu daɗewa, cikin sirri, kada a tsaya ga haɗarin mota da rasuwa kawai. Na biyu, ranar 19 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar wannan ciwo ta duniya. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu za su iya zuwa su yi wa ɗalibai bayani na awa guda, ni ma a shirye nake in zo. Yaron da ya ji wannan bayani yana aji biyar ba zai ɓoye jini a bayan gida shekara uku ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kammalawa

A taƙaice, mai wannan ciwo ya riƙe maganinsa, ya riƙe littafin abincinsa, ya sassauta wa hanji idan ciwo ya tashi ba tare da ya bar furotin da ruwa ba, ya faɗaɗa cimarsa idan ya lafa, kuma kada ya cire wani abinci sai da dalili da madadi. Wanda ya bi wannan tare da likitansa zai yi aikinsa, ya yi aure, ya haifu, ya tsufa kamar kowa.

Daga ƙarshe ina sake godiya ga malamanmu, waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Duk mai tambayar da yake jin nauyin yi a gaban jama'a, ina nan bayan an tashi, ya ja ni gefe mu yi magana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.